Husufin Rana Yana da Kakarsa: Yadda Ake Sanin Zuwansa Tun da Sauran Shekaru

Ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina na 'yan mintoci, sannan ya zarce ta Damagaram ya nufi hamada. Zafin bazara ya lafa, kaji suka kama hanyar akurki, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa masallatai don sallar kisfewa. Da yawa sun ji sanarwa a rediyo ana saura 'yan kwanaki, suka yi ta tambayar juna yadda aka yi aka sani. Ai ba a makon aka gano shi ba. Tun a 1887 aka buga wani kundi a ƙasar Austiriya, aikin wani masanin taurari mai suna Theodor von Oppolzer da mataimakansa, wanda ya jera husufin rana 8,000 da na wata 5,200, tun daga shekaru fiye da 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa 2161. Namu na 2006 yana ciki. Da takarda da alƙalami suka yi wannan aiki, babu kwamfuta.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, husufi yana da kaka kamar yadda gero da mangwaro suke da tasu, kuma duk wanda ya saba ƙirga kwanan wata ya riga ya ci rabin hanyar lissafinsa. Zan kafa misali da shekarar 2029, domin a cikinta za a yi husufin rana har sau huɗu, kuma babu ko ɗaya da zai rufe rana ruf a ko'ina a duniya. Dukkansu ɓangare kawai za su gutsura.

Husufin rana, wanda kakanninmu ke kira zazzaɓin rana, inuwa ce. Wata ne yake shiga tsakaninmu da rana, inuwarsa ta sauka a kan ƙasa. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, amma kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa a ido suke zama kai ɗaya har ƙaramin ya iya rufe babbar. Wannan ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya ɓuya, kafin jinjirin sabo ya tsaya. Husufin wata kuwa sai a tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar, lokacin da duniya ce a tsakiya, inuwarta ta faɗa kan wata.

Mai hankali zai tambaya nan take: to ai kowane wata yana da ƙarshe, me ya hana a yi husufi sau goma sha biyu a shekara?

Ɗauki baho ka cika shi da ruwa. Ka samo faranti ka nutsa shi har rabi, amma ka ɗan karkata shi, gefe ɗaya ya leƙo sama da ruwa, ɗayan ya nutse. Fuskar ruwan nan ita ce shimfiɗar da muke ganin rana tana bi a sama cikin shekara. Bakin farantin kuwa shi ne hanyar wata. Duba da kyau, za ka ga bakin farantin bai taɓa fuskar ruwa ba sai a wuri biyu, ɗaya nan, ɗaya can daura da shi. Waɗannan wurare biyu su ne mahaɗa. Malaman falaki na Larabawa suna kiran ɗaya kai, ɗaya wutsiya.

Karkatar hanyar wata digiri 5 ce da 'yan kai. A baki kamar ba komai, amma faɗin wata a sama rabin digiri ne kacal, ke nan yana iya wucewa ta saman rana ko ta ƙasanta da tazarar da za ta ɗauki wata goma a jere. A nisansa na kimanin kilomita 384,000, wannan karkata kan sa inuwarsa ta kauce wa tsakiyar duniya da fiye da kilomita 30,000, alhali daga tsakiyar duniya zuwa bakinta bai kai kilomita 6,400 ba. Galibin watanni haka inuwar take wucewa ta sararin samaniya, ba ta taɓa kowa ba. Sai in ƙarshen wata ya zo daidai lokacin da rana take kusa da ɗaya daga cikin mahaɗun nan biyu.

Ba dole sai rana ta tsaya cif a kan mahaɗa ba. In tana cikin digiri 17 ko makamancin haka kafin ta iso, ko bayan ta wuce, inuwar za ta samu wani yanki na duniya. Rana kuwa tana cin kusan digiri ɗaya kowane kwana a tafiyarta ta shekara, don haka takan yi kwana 34 zuwa 35 tana ratsa wannan fili. Waɗannan kwanaki su ne kakar husufi. Tun da watanmu kwana 29 da rabi ne, ba yadda za a yi kakar ta shige ba tare da ƙarshen wata ko ɗaya ya faɗo cikinta ba. Mahaɗa kuma biyu ce. Dalilin da ya sa ke nan babu shekarar da za ta ƙare ba a yi husufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya ba. Iyakarsa biyar, kuma hakan ba kasafai ba: an yi a 1935, ba za a sake ba sai 2206.

Da mahaɗun a kafe suke, da kakar husufi ta tsaya a watanni biyu sanannu na kalandar Bature har abada. Amma farantin nan yana juyawa a hankali, mahaɗun suna ja da baya, suna kammala zagaye ɗaya cikin shekara 18.6. Wato suna tarbar rana a hanya. Saboda haka tsakanin kaka da kaka kwana 173 ne da ɗan ɗoriya, bai cika rabin shekara ba, kuma rana takan dawo mahaɗar da ta bari bayan kwana 346.6. Kowace shekara kakar tana matsowa da kusan kwana 19 a kalandar Bature.

A nan ne mai lissafi da watannin Musulunci ya fi kowa sa'a, kuma wannan ne wurin da ya fi burge ni a duk lamarin. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta husufi kuwa 346.6. Bambancinsu bai cika kwana takwas ba. Ke nan in aka yi husufin rana a ƙarshen wani watan Musulunci bana, akwai kyakkyawan zaton za a sake yi a ƙarshen wannan watan baɗi, da baɗin baɗaɗa, har sai 'yan kwanaki takwas-takwas ɗin nan sun taru sun fitar da shi daga cikin kaka.

Ga shi a fili. 17 ga Fabrairu, 2026, husufin zobe ne can ƙuryar kudu, a kan ƙanƙarar Antatika. 6 ga Fabrairu, 2027, wani na zobe, inuwar ta hauro: Chile, Ajantina, Tekun Atlantika, ta ƙare da faɗuwar rana a gaɓar Gana, Togo, Benin da kusurwar kudu maso yammacin Najeriya. 26 ga Janairu, 2028, ta ƙara haurowa: Ekwado, Peru, Brazil, ta ƙare a Fotugal da Sifen. 14 ga Janairu, 2029, ta hau har ta zarce saman duniya, sai gefenta kawai ya shafi Amurka ta Arewa. Duk huɗun nan ƙarshen Sha'aban ne, ana jajiberin azumi. A ƙarshen Sha'aban na gaba kuwa, farkon Janairun 2030, babu komai, watan ya fita daga kaka. Haka jerin ɗaya ɓangaren yake tafiya a ƙarshen Safar: 12 ga Agusta, 2026, sai 2 ga Agusta, 2027, sai 22 ga Yuli, 2028, sai 11 ga Yuli, 2029.

Inuwar wata kashi biyu ce. Akwai baƙar inuwa ta tsakiya, siririya, wadda faɗinta a ƙasa da wuya ya wuce kilomita 270 in rana tana tsaka. Wanda ta faɗa wa shi ke ganin duhu da rana tsaka. Akwai kuma shara-sharar inuwa da ta kewaye ta, mai faɗin kusan kilomita 7,000. Wanda ke cikin wannan zai ga an gutsure rana ta gefe, kamar an ciji waina. In wata yana can nesa a zagayensa, bai isa ya rufe rana duka ba, sai ta bar zoben wuta kewaye da shi, shi ne husufin zobe.

Saboda haka husufin ɓangare iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Wani lokaci cikakken husufi ne ake yi a wata ƙasa, kai kuma kana gefe, sai ka samu ɓangare. Haka mutanen Maiduguri da Yola suka gani a 2006 lokacin da Katsina ke cikin duhu. Wani lokaci kuwa baƙar inuwar ce gaba ɗaya ta kauce wa duniya, ta wuce ta saman ƙuryar arewa ko ta ƙasan ƙuryar kudu, babu mahalukin da ya ga duhu. Irin wannan ne masana ke rubutawa da sunan husufin ɓangare. Ba kaɗan ba ne kuma. A lissafin da Fred Espenak na hukumar NASA da Jean Meeus suka yi na shekara 5,000, sun samu husufin rana 11,898, daga ciki 4,200 na ɓangare ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kuma tun da ta ƙuryoyin duniya yake shafowa, rabon mutanen can ne. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya da wuya ya iso mu.

Mu tsaya a kan kakar tsakiyar 2029, domin ita ce ta tara komai. A wannan karon rana za ta iso kan mahaɗa wajen 26 ga Yuni, kuma ranar ta zo daidai da tsakiyar watan Safar. Wata ya cika, yana tsaye a kan ɗaya mahaɗar, sai ya ratsa ta tsakiyar inuwar duniya. Cikakken husufin wata ke nan, mai tsawo ƙwarai, kimanin minti 102 yana rufe. To in tsakiyar wata ce ta samu tsakiyar kaka, ina ƙarshen wata zai faɗa? Ɗaya mako biyu kafin nan, ɗaya mako biyu bayan nan. Dukansu sun samu shiga kakar, amma a bakin ƙofa, kimanin digiri 14 ko 15 daga mahaɗa. Na 12 ga Yuni wata bai gangaro mahaɗa ba tukuna, yana ta arewa, sai gefen inuwarsa ya shafi arewacin Turai, arewacin Rasha, Alaska da arewacin Kanada, kuma ko inda ya fi ƙarfi ba zai rufe rabin faɗin rana ba. Na 11 ga Yuli ya riga ya wuce mahaɗa ya yi kudu, sai ya taɓa kudancin Chile da Ajantina, ya gutsuri abin da bai kai rubu'in faɗinta ba. Husufi uku cikin wata guda, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. Duk inda ka ga husufin rana biyu a kaka ɗaya, kusan kullum haka suke zuwa.

Lura kuma da tazarar. Yawanci wata shida ne tsakanin husufin rana da na gaba, kwana 177, wanda ya ɗara tazarar kaka da kwana huɗu. Da kwanakin nan suka taru, sai lissafi ya yi tsalle ya dawo wata biyar. Daga 14 ga Janairu zuwa 12 ga Yuni, 2029, wata biyar ne. Daga 11 ga Yuli zuwa na ƙarshen shekarar, 5 ga Disamba, wanda zai shafi Antatika da kudancin Amurka ta Kudu, shi ma wata biyar.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan daɗewa. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a sama a kan allunan yumɓu, har suka lura cewa husufi yana maimaita kansa bayan wata 223. Wannan kwana 6,585 ne da sulusin kwana, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8. Ana kiran wannan zango Saros, sunan da Edmond Halley na Ingila ya laƙaba masa a 1691. Sirrinsa shi ne, bayan wannan lokaci abubuwa uku suna dawowa kusan inda suke tare: ƙarshen wata ne, wata yana daidai wurinsa game da mahaɗa, kuma nisansa da duniya ya yi kusan ɗaya da na wancan karon.

Gani ya kori ji. Shekarar 2011 ma husufin rana huɗu aka yi, duk na ɓangare: 4 ga Janairu, 1 ga Yuni, 1 ga Yuli, da 25 ga Nuwamba. Ɗora shekara 18 da kwana 10 da awa 8 a kan kowanne, za ka sauka a kan huɗun 2029. Wanda ya tuna dogon husufin watan da aka gani a ƙasashenmu daren 15 ga Yuni, 2011, to ɗansa ne zai zo 26 ga Yuni, 2029.

Awa takwas ɗin nan ita ce ke raba mu da husufinmu. Cikinta duniya ta juya sulusin zagaye, sai inuwar ta sauka can yamma da inda ta sauka a baya. Na Katsina na 2006 ya dawo ranar 8 ga Afrilu, 2024, amma Meziko da Amurka da Kanada suka gan shi. A 2042 zai faɗa Indunusiya da Filifin. Sai a zuwa na uku, 30 ga Afrilu, 2060, zai komo yammacin Afirka. In ka koma baya da zango uku daga 2006 kuwa, za ka same shi a kan Khartum ta Sudan ranar 25 ga Fabrairu, 1952.

Kowane husufi yana da zuriyarsa, kuma masana sun ba kowace zuriya lamba. Zuriya takan fara da ɗan husufin ɓangare a ƙurya ɗaya ta duniya, kowane zango inuwar ta ɗan matso, har ta shiga tsakiya ta yi ta ba da cikakku ko na zobe, sannan ta fice ta ɗaya ƙuryar bayan shekara 1,200 zuwa 1,500. Na 12 ga Yuni, 2029, ɗan zuriya ta 118 ne, wadda ta fara a shekarar 803, zamanin Haruna Rashid yana halifa a Bagadaza. Shi ne na 69 cikin 72, kuma a 2083 za ta rufe. Na 11 ga Yuli kuwa ɗan zuriya ta 156 ne, jaririya, wadda aka haifa ranar 1 ga Yuli, 2011, a tekun da ke gaɓar Antatika. Shi ne na biyu, kuma zuriyar za ta kai shekarar 3237. Tsohuwa tana bankwana ta arewa, sabuwa tana rarrafe ta kudu, wata ɗaya tsakaninsu.

Saros zai gaya maka ranar, amma ba zai ce maka ƙarfe kaza a gari kaza ba. Wannan sai da lissafin tafiyar wata da duniya daki-daki. Halley ya zana taswirar inda inuwa za ta bi a Ingila a 1715, ya kuskure da kimanin minti huɗu kawai. A 1824 Friedrich Bessel na Jamus ya fito da dabarar da har yau ake bi: a ƙaddara wani allo da ya ratsa tsakiyar duniya yana fuskantar rana, a lissafa inda inuwa za ta bi a kansa, sannan a mayar da wannan kan garuruwa. Yanzu ana auna nisan wata ta hanyar harba haske zuwa maduban da 'yan sama jannatin Apollo suka ajiye a kansa tun daga 1969, har an gano yana nisantar mu da santimita 3.8 kowace shekara. Husufin da ke tafe nan da shekaru kaɗan ana sanin lokacinsa har zuwa daƙiƙa. Abin da lissafin nan ba zai ba ka ba shi ne ko hadari zai rufe garinku ranar.

Na san akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan magana ba, yana ganin kamar shiga gaibu ne ko duba. Damuwa ce ta mai kishin addininsa, kuma ta cancanci amsa. Duba shi ne a ce husufi ya zo don wane zai mutu ko mulki zai sauya. Wannan kuwa Manzon Allah (SAW) da kansa ya kore shi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana a Madina, mutane suka danganta abin da rasuwar, ya nuna musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, husufinsu ba ya rataye da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci a yi salla da addu'a. Lissafin lokaci kuwa daidai yake da na jadawalin salla da ke rataye a masallaci, wanda ke faɗin mintin da rana za ta faɗi wata shida nan gaba. Ibn Taimiyya ya yi bayanin cewa husufi yana da lokutan da aka ƙaddara masa, waɗanda ake iya sani da lissafi. Malaman Musulmi ma suna cikin waɗanda suka gina ilimin: Ibn Yunus ya auna husufi a Alƙahira tun a shekarun 977 da 978, kuma har yau masana suna amfani da abin da ya rubuta. Sanin lokacin ma taimako ne ga liman, ya sanar da jama'a su kintsa, maimakon abin ya zo musu bagatatan cikin firgici.

Mu a ƙasar Hausa, husufin rana huɗun 2029 ba za mu ga ko ɗaya ba. Rabonmu a kakar tsakiyar shekarar shi ne na wata: daren Litinin wayewar Talata, 26 ga Yuni, zai rufe ruf daga wajen ƙarfe 3:30 na dare zuwa bayan ƙarfe 5:00 na asuba agogon Najeriya da Nijar, yana can yamma, in damina ta bar sama a buɗe. Na rana kuwa akwai su kafin nan. Ranar Asabar, 6 ga Fabrairu, 2027, rana za ta faɗi a gutsure. Ranar Litinin, 2 ga Agusta, 2027, da hantsi, baƙar inuwa za ta bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar, inda za ta haura minti shida a Luksor, ta ratsa Jidda da Makka. Mu muna gefe, ɓangare za mu samu, kuma na Agadas zai fi na Kano girma saboda ta fi kusa da hanyar. Cikakke kuwa zai dawo Najeriya ranar 20 ga Maris, 2034, ya shigo ta Legas ya fice ta Kamaru zuwa Chadi.

Roƙona ɗaya game da ido. Husufin ɓangare ya fi cutarwa domin babu daƙiƙa ɗaya a cikinsa da ya halatta a kalli rana kai tsaye. Ko siririn gefenta ne ya rage, ya isa ya ƙona bayan ido, kuma wurin ba ya jin zafi balle mutum ya ankara, sai daga baya ya ga tabo a ganinsa. Tabarau na kwalliya ba ya karewa, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙi, haka baƙin fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Kallon rana a cikin kwanon ruwa da aka saba yi shi ma ba kariya ba ne. In babu tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14, sai a huda takarda da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya ratsa hujin ya sauka kan wata farar takarda. Ko kuma a tara yara a gindin darbejiya su dubi ƙasa. Ɗigo-ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye, waɗanda kullum zagayayyu ne, ranar za su koma siffar lauje, ɗaruruwa a jere a kan yashi.

Malaman makaranta da limamai, ku rubuta 6 ga Fabrairu da 2 ga Agusta, 2027, a inda ba za ku manta ba, ku gaya wa yara tun da wuri yadda za su kalla.